Heluma Ya Shimfiɗa wa Kek Kwalta

Tun ranar da Heluma ya ajiye aikin titi, gidan hayar da yake zaune bai sake hutawa ba. Shekara da shekaru yana shugaban leburorin da ke dafa kwalta a bakin hanya, a nan ya samo sunan, kuma da aikin ya ƙare sai ya tattaro ilimin kaf ya dawo da shi gida. Famfon tsakar gida ya fara ɗiga, ya ce a bar masa, aka wuni ana kwashe ruwa da bokiti. Rediyon Tela, wanda shagonsa ke manne da tagar kicin ɗinsu, ta daina magana, ya buɗe ta ya rufe, kusoshi suka yi saura a hannunsa, ya ce dama kamfanin ne ya zuba su da yawa. A ganinsa duk abin da ke duniya ƙanin titi ne, wanda ya iya dafa kwalta babu abin da zai gagare shi.

Autarsa kuwa kek ta koya. Tun da ta gama makaranta take zaune a gida, ta nemi aiki har takalminta ya suɗe, sai yanzu mai babban shagon kek na bakin titi ta ce ta kawo gwaji. Kek guda take so mai lulluɓin karamel, wato sukarin da ake narkarwa har ya yi ja, a zuba masa bota da madara, a bar shi ya huce a shafe kek da shi. Sharaɗi ɗaya ta kafa: komai da hannun yarinyar. In ya yi, an ɗauke ta aiki. In bai yi ba, masu jira suna da yawa.

Ranar gwajin uwargidan Heluma ta tafi dubo ƙanwarta. Auta ta gasa kek ɗinta ya tashi tubarkalla, ta haɗa karamel ta juye a kwano ta rufe, sannan ta tuna ba ta da kwalin da za ta sa shi.

"Baba, zan je in sayo kwali. Don Allah kar ka shiga kicin."

"Me zan yi a kicin? Kuku ne ni?"

"Ka dai ce ba za ka shiga ba."

"Auta, ni fa na haife ki."

"Shi ya sa na roƙe ka, Baba."

Ta fita. Heluma ya zauna da niyya mai kyau, a yi masa adalci. Ƙishirwa ce ta taso masa, ruwa kuma yana kicin, kwanon kuma yana kusa da ruwan. Ya ɗaga murfin don ya gani kawai. Ya sa yatsa don ya tabbatar kawai. Yatsan ya nutse har gaɓa.

A bakin aiki, ranar da ya danna kwalta yatsansa ya shige haka, ranar mai dafa ta yake komawa gida da kayansa. Tausayin 'yarsa ya kama shi sosai. Yarinya ta sha wahala, ga shi za ta ɗauki ɗanyen aiki ta kai gaban mutane a yi mata dariya, alhali ubanta yana raye, kuma uban da ya fi kowa a garin sanin yadda ake dafa baƙin abu mai danƙo.

"Ai wannan bai nuna ba," in ji shi shi kaɗai. "Wuta kaɗan yake nema."

Ya juye a tukunya, ya kunna gas, ya murɗa shi har ƙarshe, don a saninsa ƙaramar wuta wasan yara ce. Tela ya ji ƙarar tukunya, ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya leƙo ta taga da tef rataye a wuya.

"Heluma, me kake yi a wurin da aka hana ka shiga?"

"Wa ya ce an hana ni?"

"Duk layin nan ya ji."

"Gyara nake yi wa yarinya. Ku masu zare da allura ba za ku gane ba. Shi narkakken abu, ko sukari ko kwalta, dokarsa ɗaya ce."

Ya juya wa tukunyar baya, ya dafa taga, ya shiga yi wa Tela bayanin dokar. Ya kawo labarin wata hanya da ya shimfiɗa wadda manyan motoci suka gaji da bi suka haƙura. Yana cikin kwatanta faɗin hanyar da hannu biyu Tela ya fara shinshina iska.

"Hanyar taka tana hayaƙi."

Kafin ya waiwaya botar ta rabu ta koma mai, sauran ya dunƙule a gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, ƙauri ya cika kicin. Ya kashe wutar, ya caka cokali, cokalin ya tsaya a tsaye shi kaɗai. Karamel ɗin Auta ya tafi ke nan.

Wani zai zauna ya dafe kai. Heluma ya gyara hularsa, ya ce dama kayan aikin ne ba su da inganci, gara ma da aka gano da wuri, yanzu sai a fara daga tushe. Ya buɗe gwangwanin sukari ya tarar Auta ta ƙarar da shi. Ya ɗauki kofi ya hau bene wurin maƙwabciyarsu Nas, wadda ta dawo daga aikin asibiti tana neman barci.

Ta buɗe ƙofa da ido ɗaya. "Lafiya, Baba Heluma?"

"Lafiya lau. Sukari za ki ara min, aikin gaggawa ne."

"Wa ya suma?"

"Ba wanda ya suma. Karamel zan haɗa."

Ta buɗe ɗaya idon. "Kai?"

"Ke da kike ganina haka, na dafa abin da ya fi sukari taurin kai a ganga mai cin mutum uku."

"An ci?"

"An bi ta kansa da mota."

Ta ba shi sukarin don ya tafi. Ya sauko, ya ɗora wata tukunyar, ya zuba sukari da ɗan ruwa, ya kama cokalin katako da hannu biyu ya dinga juyawa kamar mai haɗa kankare. Sukarin ya yi kumfa, ya yi fari, sai kuma ya bushe tashi ɗaya ya koma gari mai tsakuwa-tsakuwa. Heluma ya ɗebo ya murza a tafin hannu.

"Yashi," in ji shi. Ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya sama. "Nas, inda kika sayi sukarin nan kar ki ƙara komawa, da yashi suke haɗawa."

"In ka gama ka dawo min da yashina," ta amsa daga saman bene.

Saura Tela. Yana da babban gwangwanin sukari da yake shan shayi da shi, wanda ko yaransa ba ya bari su taɓa. Heluma ya tsaya a taga yana kewaye-kewaye, yana tambayar lafiyar keken ɗinki, har Tela ya gaji.

"Zan ba ka duka. Amma da sharaɗi."

"Faɗi."

"In kawo kujerata in zauna a bakin ƙofa."

"Kawo, ka ƙaru."

Wannan karon Heluma bai juya ba, don hannunsa ya gaji. Sukarin ya narke da kansa, ya yi ruwan zuma, ƙamshi mai daɗi ya tashi har Tela ya haɗiyi yawu.

"Ina jin yanzu ake saukewa," in ji Tela.

"Wa ya gaya maka?"

"Hancina."

"Hancinka ya taɓa shimfiɗa titi?"

Ya bar shi ya wuce ruwan zuma, ya wuce ja, ya kama hanyar launin da zuciyarsa ta saba da shi. Sai da ya ga hayaƙi siriri yana tashi ya jefa ragowar bota, ya buɗe firji ya ciro madara mai sanyi ƙarara, ya tuttula ta gaba ɗaya daga sama. Tukunyar ta yi wata irin ƙara, abin da ke ciki ya taso ya yi tsiri, ya fantsama a bango da silin da gaban rigar Heluma. Tururi da hayaƙi suka turnuƙe, suka fita ta taga suka hau bene. Tela ya kifa da kujerarsa.

Nas ta sauko da gudu ba takalmi, riƙe da bokitin wanki, tana kiran gobara. Ba ta ga komai a cikin hayaƙin ba sai wani abu yana motsi a ƙasa, ta sheƙa masa ruwan. Tela ne yake ƙoƙarin tashi.

"Ni na kama da wuta?" in ji shi, kumfar sabulu tana sauka daga gemunsa.

"Kai na fara gani."

Maƙwabta suka taru a tsakar gida, wasu da bokiti, wasu da tambaya. Heluma ya fito bakin ƙofa da cokali a hannu, girarsa ɗaya ta yi guntuwa, ya ɗaga musu hannu kamar mai tsayar da motoci.

"Kowa ya koma aikinsa. Haka yake yi. In bai yi haka ba, bai haɗu ba."

Rabin madarar yana kan murhu, rabin rabin yana silin. Abin da ya rage a tukunya ya mayar kan wuta ya ce sai ruwan ya ƙone tas. Ya dafa, ya dafa, har cokalin ya fara yi masa nauyi. Ya ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi, ɗigon ya ce ƙwas. Ya ciro shi ya danna da farce, farcen ya lanƙwashe. Bakinsa har kunne.

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, cunkoso ya riƙe mu, ko motsi ba ma yi. Ga shi Hajiya mai shago ta kira ta ce fita za ta yi, in zo yanzu. Ba zan iya dawowa gida ba. Don Allah ka buɗe kwanon nan, ka shafa abin da ke ciki a kan kek ɗin da wuƙa a hankali, ka kifa babbar roba a kai, ka hau tasi. Zan jira ka a ƙofar shagon."

"An gama, Auta."

"Shafawa kawai, Baba. Kuma in ka zo kar ka ce ka taɓa, ta ce komai da hannuna."

"Bakina a ɗinke."

"Wa ke dariya a kusa da kai?"

"Rediyo ce."

Ya kashe wayar, ya naɗe hannun riga. Wuƙa dai kayan 'yan koyo ce. Ya shiga ɗaki ya zaro cokalin gininsa daga ƙarƙashin gado, ya wanke shi da sabulu, wannan ma a yi masa adalci. Ya kwarara abin da zafinsa a kan kek, ya baje shi da sauri, ya tayar da tsakiya ya gangarar da gefe.

"Wannan tudun fa?" in ji Nas, wadda ta haƙura da barcin ta tsaya kallo.

"Don kar ruwa ya kwanta."

"Wane ruwa?"

"Ke aikinki allura, ki tsaya a nan."

Ya ja da baya ya ƙare wa aikin kallo, ya ga da saura. Shimfiɗa ba tsakuwa ai ba shimfiɗa ba ce. Ya lalubo kwalbar soyayyar gyaɗa da uwargida ke ɓoyewa a bayan tukwane, ya watsa gyaɗar a kai, ya kwantar da kwalbar ya mayar da ita rola irin ta danne titi, gaba da baya, gaba da baya, yana dannawa. Kek ɗin da ya tashi tubarkalla ya ɗan durƙusa.

"Ya rage tsawo," in ji Tela.

"Ya zauna ne. Duk aikin kirki sai ya zauna."

Ya kankare ragowar tukunyar ya yi shimfiɗa ta biyu a kan ta farko, kaurin ya kai yatsa biyu. Da ya huce, gaskiya abin ya yi sheƙi. Baƙi-baƙi ja-ja, sumul, har Tela ya leƙa ya ga fuskarsa a ciki ya gyara gemu. Heluma ya sake riga, ya kifa roba, ya rungumi tiren. Tela ya ja ƙofar shagonsa ya sa kwaɗo, ya ce ko riga nawa ke jiransa yau ba zai bari a ba shi labari ba.

A cikin tasi Heluma ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa wanda ya yi lulluɓin ba. "Yabon na yarinya ne. Ni na sha yabo a rayuwata, ya ishe ni."

"Na rantse," in ji Tela, da saurin da ya kamata ya ba Heluma tsoro.

Shagon fes yake, gilasai cike da kek kala-kala, ma'aikata da fararen huluna, masu saye suna layi. Auta tana bakin ƙofa da kwalinta a naɗe, gumi ya jiƙa mata goshi. Ta miƙa hannu za ta ɗaga robar ta duba, mai shago ta hango su daga bayan kantar shagon, mace mai jiki da tabarau wadda ba ta da yawan magana.

"Kawo nan. Sauri nake."

Heluma ya dire tiren a kan kantar, ya ɗage robar da kansa kamar mai buɗe sabuwar gada. Auta ta kalli kek ɗin, ta kalli girar ubanta, ta gane komai.

Mai shago ta sunkuya ta gyara tabarau. "Ya yi duhu da yawa. Amma ban taɓa ganin sheƙi irin wannan ba."

Heluma ya kumbura har maɓallin rigarsa ya nemi tsinkewa. Yin shiru a wannan lokacin ya fi masa ɗaukar buhun siminti wuya. Ya yi tari, ya kalli silin, ya kasa.

"Gado ne, Hajiya. Hannu ne a gidan."

Auta ta ja gefen rigarsa. Mai shago ta ɗauko wuƙa ta ɗora a tsakiya ta danna. Wuƙar ta zame ta bi gangaren da aka yi wa ruwa ta sauka a kan tire. Ta sake ɗorawa, ta sake zamewa. Ta karɓi babbar wuƙar burodi mai haƙora ta shiga gogawa, ƙarar ta sa wata tsohuwa da ke layi ta toshe kunne. Masu saye suka bar layi suka matso. Mai shago ta juya wuƙar ta ƙwanƙwasa saman kek ɗin da ƙota, ya amsa mata kamar ƙofar katako.

"Ƙara ƙwanƙwasawa, Hajiya," in ji Tela. "Wataƙila masu gidan barci suke."

Aka kwashe da dariya. Mai shago ba ta yi ba. Ta ajiye wuƙar ta dubi Auta.

"Ke kika yi wannan?"

Auta ta ɗaga ido ta kalli ubanta, dattijo da hularsa a gaban baƙi, ta mayar da kai ƙasa. "Ni ce, Hajiya."

Maganar ta soki Heluma a ƙirji, ya ji ta sarai. Amma har yanzu gani yake aikin za a iya karewa, in aikin ya tsira yarinya ta tsira.

"Hajiya, wuƙaƙenku ne ba kaifi. Abu mai inganci ba a yi masa da wasa. Ba ni wuri."

Ya ɗauki ƙarfen awo daga kan sikelin shagon ya maka wa gefen kek ɗin. Wani ɓangare ya ɓalle ya yi tsalle ya bugi gilashi. Ya cafe shi, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya cusa a baki, ya gartsa masa cizo da dukan ƙarfinsa.

Ɗaci ya fara gaishe shi, ɗaci irin na maganin zazzaɓi. Ya daure ya yi murmushi. Ya zo buɗe baki ya ce kun gani, bakin ya ƙi. Ɗumin bakin ya ɗan sassauta abin, haƙoran sama da na ƙasa suka nutse a ciki, ya riƙe su gam. Ya motsa muƙamuƙi hagu, ya motsa dama, ko gezau.

Mai shago ta cire tabarau ta goge. "Yarinya, kin ɓata min lokaci. Wanda bai san lokacin sauke sukari daga wuta ba, ba zai tsaya min a kicin ba. Ɗauki kayanki, Allah ya ba ki wani wurin."

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki kwalin da ta sha cunkoso ta sayo, ta fara buɗe shi, hawaye yana ɗiga a kai. Heluma ya ga hawayen. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, yau yana da magana ɗaya tak da ta zama dole, ga bakin a kulle. Ya yi gurnani, ya buga ƙirjinsa da tafin hannu.

"Me yake cewa?" in ji mai shago.

"Cewa yake ya tsaya masa a ƙirji," in ji Tela.

Heluma ya girgiza kai da ƙarfi. Ya nuna kek, ya nuna kansa, ya sake nuna kek.

"Ya ce a ƙaro masa."

Ya damƙi wuyan rigar Tela yana zare ido, yana nuna masa mai shago da haɓa.

"Kai ka sa na rantse, Heluma. Ni ba na karya rantsuwa."

Auta ta bar kek ɗin ma a wurin, ta rungumi kwalinta ta juya ta nufi ƙofa. Heluma ya saki Tela. Ya tura manyan yatsunsa biyu cikin kumatu, ya runtse ido, ya fizga. Abin ya fito gaba ɗaya: haƙoran sama da na ƙasa, jere reras, cije da baƙin karamel. Na roba ne. Duk unguwar ba wanda ya sani sai uwargida, ko Auta ba ta sani ba, don shekara da shekaru da su yake washe baki yana ce wa samari su ci abinci mai tauri in suna son haƙora irin nasa. Ya dire su a kan kantar kusa da kek. Kumatunsa suka lotsa, a take ya tsufa.

"Auta, tsaya," in ji shi, maganar tana fita da iska. Ya juya ga mai shago. "Hajiya, ni ne. Ita ta yi nata mai kyau ta rufe a kwano. Ni na ƙona shi. Wannan aikina ne, ba hannunta a ciki. Ta ce ita ce don kar in ji kunya."

Sai tsohuwar nan ta layi ta kalli haƙoran da ke yi mata murmushi daga kan kantar, ta fashe da dariya, kowa ya biyo ta. Tela ya zame ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Auta ba ta yi dariya ba. Ta dawo, ta ciro hankicinta ta lulluɓe haƙoran, ta tsaya kusa da ubanta.

Mai shago ta mayar da tabarau. "Baba, da can wace sana'a kake yi?"

"Kwalta," in ji Tela daga ƙasa.

"Na ga alama."

Ta sa hannu biyu ta kifar da kek ɗin, ya sauka a kan kantar da ƙara kamar murfin tukunyar ƙarfe. Ta ɗauki cokali ta ɗebo daga gindi, inda rola ba ta kai ba, ta sa a baki. Ta tauna a hankali, ta sake ɗebowa. Sannan ta nuna wa Auta ƙofar baya.

"Sukari da bota da madara suna ciki. Shiga ki yi min lulluɓin a gabana, fitar tawa ta jira. Ki sa sakata." Ta dubi wani ma'aikaci. "Baba kuma a ba shi kujera a waje. Waje sosai."

Aka kai masa kujera can bakin titi, kusa da inda ake ajiye babura. Ya zauna da hannu a kan baki. Tela ya tsuguna kusa da shi yana share hawayen dariya, ya buɗe baki zai fara, ya ga yadda idon dattijon ke kan ƙofar shagon ko ƙiftawa ba ya yi, sai ya haɗiye abinsa. Tsoro ne ya kama Heluma, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a gaban gangar kwalta ba. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya miƙe, ya ga ba ita ba ce, ya koma ya zauna.

Can ƙofar ta buɗe, Auta ta fito da farar hular shagon a kanta. Ta tsallako ta durƙusa a gabansa.

"Baba, an ɗauke ni. Gobe zan fara."

Ya so ya yi jawabi, hawaye ya riga shi. Ya dafa kanta a kan farar hular, ya dinga sa mata albarka da bakin da ba ya riƙe harafi, tana cewa amin tana dariya tana kuka.

Tela ya bari suka gama, sannan ya yi gyaran murya. "To, haƙoran fa?"

"Suna ciki, an jiƙa su a ruwan zafi," in ji Auta. "An gwada da cokali, an gwada da filaya, abin ya ƙi saki. Hajiya ta ce a bar su su kwana, wataƙila zuwa jibi."

Heluma ya share ido da hannun riga. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya juya ya dubi Tela sama da ƙasa.

"Ka ji da kunnenka ko? Har da filaya. Kai tun da kake ɗinki, ka taɓa yin abin da ya riƙe haka?"